Doki ko Sa: Lissafin Sayen Babbar Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa

Duk ranar da Arsenal ko Manchester United ke da wasa, gidajen kallon ƙwallo na Daura kan cika maƙil tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Haka abin yake a Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure. Idan aka tashi kuma, musu ya koma bakin titi, a kan benci da teburin mai shayi, kuma da wuya a watse ba a taɓo zancen Alhaji Aliko Ɗangote ba. Tun a 2015 attajirin na Kano ya fito fili ya ce yana da burin sayen Arsenal, ya kuma maimaita hakan a shekarun da suka biyo baya, yana ɗaura alƙawarin da kammala matatar mansa. A watan Satumba na 2024, a wata hira da kafar Bloomberg, ya nuna cewa lokacin ya wuce. Ya bayyana cewa akwai sa'ar da zai iya sayen ƙungiyar a kan kimanin dala biliyan 2, amma da ya yi haka da bai iya ƙarasa matatar ba, ga shi kuma farashin ya doshi dala biliyan 4.

Masoya ƙwallo da dama sun ɗauki wannan a matsayin damar da ta suɓuce. A ganinsu, kadarar da ta ninka kuɗinta cikin 'yan shekaru ba abar bari ba ce. Tambayar ta cancanci amsa ta tsanaki, domin ta wuce Ɗangote da Arsenal. Ta shafi kowane mai hali da zuciyarsa ke raya masa ya mallaki ƙungiya, ta kuma shafi gwamnatocin jihohi da ke ciyar da ƙungiyoyi daga baitulmali. Shin sayen babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa zuba jari ne na hankali?

Mutumin Daura yana da ma'aunin da ya dace da wannan tambaya a cikin gidansa. Ya san bambancin sa da doki. Wanda ya sayi sa a karar Mai'adua ya turke shi, yana lissafin dusa da harawa da kowa, yana kuma lissafin ranar da zai mayar da shi kasuwa ya fitar da uwar kuɗi da riba. Wanda ya ɗaure ingarma a barga saboda hawan Sallah ko na Gani, lissafinsa daban ne. Dokin zai ci dawa kullum, zai sha kanwa, za a biya mai kula da shi, a ɗinka masa kayan ado, kuma ba a tsammanin ya kawo ko sisi. Abin da yake kawowa shi ne martaba a ranar da aka yi jerin gwano aka kai gaisuwa fada. Babu wanda ya yi kuskure a cikin su biyun. Mai kuskure shi ne wanda ya sayi doki yana zaton sa ya saya. Mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙwallo dawaki ne, kaɗan daga cikinsu ne suka taɓa zama shanu, kuma mai saye ba ya sanin wanne ya kama sai bayan shekaru.

Kuɗin da ke shiga da wanda ke fita

Kuɗin babbar ƙungiya daga ƙofa uku suke shigowa: haƙƙin nuna wasanni a talabijin, tallace-tallace da cinikin riguna, sai kuɗin tikitin 'yan kallo. A Ingila ƙofar farko ce mafi faɗi. Yarjejeniyar nuna gasar Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, wadda ta fara aiki a 2025 na tsawon shekara huɗu, ta kai fam biliyan 6.7, ban da abin da ake samu daga ƙasashen waje. A cikin wannan kaso na waje ne kuɗin matashin Daura yake. Ya biya mai gidan kallo, mai gidan kallo ya biya DStv, kamfanin kuma ya biya masu gasar. Ko ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen tebur tana tashi da fiye da fam miliyan 100 a kaka ɗaya.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai zaci riba ce zalla. Amma Manchester United, a kakar 2023 zuwa 2024, ta samu kuɗin shiga sama da fam miliyan 660, mafi yawa a tarihinta zuwa lokacin, ta kuma rufe shekarar da asarar fiye da fam miliyan 110. Ba wannan ce shekararta ta farko a jerin asara ba. Dalilin yana cikin yanayin sana'ar kanta. Kamfanin siminti yana gasa ne don ya samu riba, kuma kamfanoni uku ko huɗu za su iya cin riba a shekara guda. Ƙungiyar ƙwallo tana gasa ne don ta ɗauki kofi, kofin kuwa guda ɗaya ne. Hanyar da ta fi tabbas ta kusantar kofi ita ce sayen ƙwararrun 'yan wasa, su kuma ba su da yawa. Saboda haka duk ƙarin da aka samu daga talabijin yakan zarce aljihun 'yan wasa da dillalansu. Mai ƙungiyar da ya ce zai tsuke bakin aljihu ya adana riba, maƙwabcinsa zai kwashe 'yan wasan ya bar shi a baya, magoya baya kuma su taso shi a gaba.

Har hukumomin ƙwallo sun yarda cewa asara ce al'adar gidan. Dokar da Firimiya ta daɗe tana aiki da ita ta halatta wa ƙungiya asarar fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma duk da wannan sassauci an samu masu ƙetarewa. An zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024 saboda haka. Hukumar UEFA ita ma ta kafa ƙa'idar kada kuɗin 'yan wasa ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. Sana'ar da sai an yi doka an hana masu ita kashe fiye da abin da suke samu, ba wurin neman ribar shekara-shekara ba ce.

Ribar ranar sayarwa

Masu kare wannan jari suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce ba a neman ribar ƙungiya a ƙarshen shekara, ana nemanta ne ranar da aka sayar, kamar fili a tsakiyar birni da ba ya kawo haya amma kuɗinsa na hauhawa. Misalinsu mafi kyau shi ne Liverpool. Kamfanin Amurka da yanzu ake kira Fenway Sports Group ya saye ta a watan Oktoba na 2010 a kan fam miliyan 300, lokacin da bashi ya shaƙe ta. Ƙiyasin mujallar Forbes na shekarun nan ya kai darajarta sama da dala biliyan 5. Haka ma masu kuɗin Abu Dhabi da suka sayi Manchester City a 2008. A 2019 kamfanin Silver Lake ya biya dala miliyan 500 don ya samu kimanin kashi 10 cikin ɗari na rukunin da ya mallake ta. Manyan ƙungiyoyi masu magoya baya a kowace nahiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba a kuma iya ƙera sabuwa, alhali attajiran duniya kullum ƙaruwa suke yi. Abin da ya yi ƙaranci kuma masu nema suka yi yawa, dole ya yi tsada.

Sai dai lissafin yana sauya kama idan aka haɗa da abin da aka kashe a tsakani. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003 a kan fam miliyan 140, aka sayar da ita a 2022 a kan fam biliyan 2.5. A ido, kuɗin ya ninka kusan sau goma sha takwas. Amma a cikin waɗannan shekaru goma sha tara ya ranta wa ƙungiyar kimanin fam biliyan 1.5 daga aljihunsa. Idan aka haɗa, abin da ya fita bai ma ninka abin da ya shiga sau biyu ba. Ko wannan ɗin bai kai hannunsa ba, domin gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi bayan Rasha ta mamaye Yukren, aka kuma riƙe kuɗin cinikin. Mike Ashley ya sayi Newcastle a 2007 a kan kimanin fam miliyan 134, ya ƙara mata rancen sama da fam miliyan 100, ya ga ta faɗi daga Firimiya sau biyu, sannan ya sayar a 2021 a kan fam miliyan 305. Shekara goma sha huɗu na zagi da tsinuwa daga magoya baya, da ribar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai yi alfahari da ita ba.

Akwai ma gwaji mafi sauƙi. An sanya hannun jarin Manchester United a kasuwar hannun jari ta New York a watan Agusta na 2012, kowane ɗaya a kan dala 14. Bayan fiye da shekara goma farashin bai yi nisa da inda ya fara ba, alhali ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500 ya ninka fiye da sau uku. Amma da Jim Ratcliffe ya zo sayen kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙungiyar a farkon 2024, dala 33 ya biya a kan kowane hannun jari. Tazarar da ke tsakanin farashin kasuwa da na Ratcliffe ita ce kuɗin martaba. Kasuwa tana kallon abin da ƙungiya ke samarwa, attajiri kuma yana biyan kuɗin kujerar da zai zauna a kai. Ribar ranar sayarwa ta dogara ne ga samuwar wani wanda ya fi mai sayarwa kuɗi, ya kuma fi shi son a san shi. Har yanzu ana samun irinsu, amma babu mai rantsuwa cewa za a dawwama ana samu.

Waɗanda ba a ba da labarinsu

Labarin Liverpool ake yawan ji, saboda masu nasara ne ke da bakin magana. Ɗan kasuwar Sin, Li Yonghong, ya sayi AC Milan a 2017 a kan yuro miliyan 740, da yawa daga kuɗin kuma rance ne. Shekara guda bayan haka ya kasa biya, kamfanin Elliott da ya ba shi bashin ya karɓe ƙungiyar. Kamfanin Suning ya rasa Inter Milan ta wannan hanya a watan Mayu na 2024, makonni kaɗan bayan ta lashe gasar Italiya, saboda bashin da ya kusan yuro miliyan 400. Farhad Moshiri ya shiga Everton a 2016, ya zuba ɗaruruwan miliyoyin fam, ya fita a ƙarshen 2024 da asara mai nauyi. Portsmouth, wadda Nwankwo Kanu ya ci wa ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008, ta durƙushe da bashi a 2010 ta faɗi daga Firimiya.

Faɗuwa daga gasa ita ce haɗarin da babu kamarsa a sauran sana'o'i. Masana'anta kan yi shekara mara kyau ta farfaɗo a ta gaba da abokan cinikinta. Ƙungiyar da ta ƙare cikin ukun ƙarshe kuwa tana rasa mafi yawan kuɗin talabijin a dare ɗaya, albashin da ta yi alƙawari yana nan, tallafin da ake ba masu faɗuwa kuma na 'yan shekaru ne. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, ta faɗi a 2023. Wannan ne ya sa Amurkawa suka fi samun natsuwa da wasanninsu na gida, inda babu faɗuwa kuma akwai iyakar albashi. Shi ne kuma ya sa manyan ƙungiyoyi goma sha biyu suka yi yunƙurin kafa rufaffiyar gasar Turai a watan Afrilu na 2021. Magoya baya suka fito kan tituna, shirin ya wargaje cikin kwana biyu. A nan aka ga wani sirrin sana'ar: mai takardar mallaka ba shi kaɗai ke da ƙungiya ba. Yana da abokan tarayya miliyoyi da ba su zuba ko kwabo a jari ba, amma suna iya hana shi sakat.

Ga attajirin da ya fito daga ƙasar Hausa akwai ƙarin abin dubawa. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005 a kan kimanin fam miliyan 790, suka ɗora wa ƙungiyar da ba ta da bashi rancen fiye da fam miliyan 500, tana biyan kuɗin ruwa shekara da shekaru. Da wannan salo ake ƙulla wasu daga cikin irin waɗannan cinikayya. Kamfanonin caca kuma suna cikin manyan masu talla a ƙwallon Turai. Wanda ke kula da tsarkin dukiyarsa sai ya auna wannan kafin ya auna riba. Sannan ga batun naira. Gaskiya ne kadarar da ke kan fam tana kare mai ita daga faɗuwar naira, wadda ta tashi daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Amma giɓin ƙungiya ma da fam ake cike shi kowace shekara, kuma wanda cinikinsa na naira ne zai ji nauyin ya ninka a kansa.

Da wannan ma'auni, zaɓin Ɗangote bai zama abin nadama ba. Matatar Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta ci kimanin dala biliyan 20, tana kuma sayar da abin da kowane mai babur a Daura yake bukata kowace safiya. Tana da nata haɗurran, amma sa ce, ba doki ba.

Ƙungiyoyin gida

Idan haka lamarin yake a inda talabijin ke zubo da biliyoyi, yaya zai kasance a gida? Katsina United mallakar gwamnatin jiha ce, tana wasa a filin Muhammadu Dikko, wanda aka sa wa sunan sarkin da ya kafa wasan folo a Katsina. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta lashe gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka a 2009, kuma tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara 'yan kallo a ƙasar. Ita ma gwamnati ke riƙe da ita. Dukansu biyu sun faɗi daga babbar gasa a 2022, suka dawo a 2023. Kyautar zakaran gasar a 2025 naira miliyan 200 ce, kuɗin da bai kai albashin mako guda na wasu taurarin Firimiya ba. Daga ciki za a biya albashi, da zirga-zirga daga Katsina zuwa Aba da Fatakwal da Legas, da masauki, da magani. Filin wasan ma ba na ƙungiya ba ne, balle ta jinginar ko ta ba da haya.

Tarihi ya nuna makomar ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Abiola Babes da Leventis United sun haskaka a shekarun 1980, suka ɓace da masu su suka janye hannu. Raccah Rovers ta Kano, zakarar 1978, sai a bakin dattawa ake jin sunanta. Sabbin masu shigowa, irin su Barau FC da ta hau babbar gasa a 2025, suna da wannan darasi a gabansu.

Duk da haka akwai ƙofa ɗaya da ke buɗe, ita ce renon 'yan wasa da sayar da su. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya wuce CSKA Moscow a 2012, Leicester ta saye shi a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin irin wannan ciniki ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23, amma sai mai rajista da takardu a kammale ke iya karɓa. Kunle Soname ya fahimci wannan. Ya gina wa Remo Stars fili da makarantar horar da yara a Ikenne, ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙaramar ƙungiyar Feirense ta Fotugal a 2015 ta zama mashigar 'yan wasansa zuwa Turai, Remo Stars kuma ta lashe gasar Najeriya a 2025. Wannan ya fi kama da turkar sa: a sayi ƙarami, a ciyar, a kai kasuwa. Ko shi ɗin yana da wata babbar sana'a da ke tallafe da ƙwallon, wato kamfanin caca na Bet9ja, hanyar da ba ta karɓu a Arewa ba.

Mai hali a Daura da ke son ƙwallo zai fi kusa da riba idan ya kewaye fili, ya ɗauki masu horarwa na gaske, ya yi wa yara rajista, ya haɗa musu da karatu, ya kuma yi haƙurin shekara goma. Masarautar tana kan iyaka da Nijar, matasa sun yi yawa a ɓangarorin biyu, kuma garin ya samu manyan makarantun tarayya a shekarun baya-bayan nan. Ko da ba a fitar da tauraro ko ɗaya ba, fili yana nan, yara kuma sun amfana.

Hukuncin dai shi ne, sayen babbar ƙungiya ba jari ne na hankali ba ga mai neman riba kawai. Ya yi wa 'yan kaɗan kyau, waɗanda suka saya da araha a lokacin da ƙungiya ke cikin matsi, da kuɗinsu ba na rance ba, suka iya jure asarar shekaru, suka kuma dace da zamanin da kuɗin talabijin ke hauhawa. Wanda zai saya yau a farashin biliyoyi ya riga ya biya ribar waɗancan. Akwai wasu dalilan saye da ba na kuɗi ba, kamar yadda Saudiyya da Ƙatar da Abu Dhabi ke sayen suna da faɗa a ji a duniya, kuma wannan ciniki ne da suka shiga da idonsu a buɗe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Attajirin da ya kashe dukiyarsa a kan abin da yake so bai ci amanar kowa ba, muddin bai yaudari kansa ko abokan jarinsa ba.

Gwamnati kuwa ba da dukiyarta take kiwon doki ba. Idan jiha ta ga riƙe ƙungiya yana haɗa kan jama'a yana kuma ɗauke hankalin matasa daga ɓarna, wannan hujja ce da za a iya karewa a gaban majalisa. Abin da ya rage shi ne a kira shi hidima, a daina kiransa jari, a kuma wallafa abin da aka kashe da abin da aka samu kowace kaka, har da kuɗin kowane ɗan wasa da aka sayar. Manomin Baure da malamar makaranta a Sandamu suna cikin masu biyan kuɗin dawar, don haka suna da haƙƙin sanin mudu nawa dokin yake ci.